Ƙuri'ar Kentucky a 1825: ciniki ne, ba maguɗi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karanta maƙalar da kuka buga makon jiya kan yadda ake zaɓen shugaban ƙasa a Amurka. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Sai dai a wani wuri ya ce maguɗi aka yi wa Andrew Jackson a zaɓen 1824, kuma wannan kalma ta tsaya mini a maƙogwaro. Na koyar da tarihi a sakandare har na yi ritaya, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ba a sace akwati ba, ba a sauya alƙaluma ba. Mutum huɗu ne suka tsaya, kuma dukansu 'yan jam'iyya ɗaya. A ƙuri'un wakilan zaɓe, wato mutanen da kowace jiha ke fitarwa don su zaɓi shugaban ƙasa a madadinta, Jackson ya samu 99, John Quincy Adams 84, William Crawford 41, Henry Clay 37. Ana buƙatar 131, ba wanda ya kai. Tsarin mulkinsu ya ce idan haka ta faru Majalisar Wakilai ce za ta zaɓa daga cikin uku na sama, kuma kowace jiha ƙuri'a ɗaya gare ta, komai yawan wakilanta. Jihohi 24 ne a lokacin, don haka wanda ya samu 13 ya ci.

A nan ne jihar Kentucky ta shigo. Clay ɗanta ne. Ya zo na huɗu, an fitar da shi daga takara, amma shi ne kakakin majalisar da za ta yanke hukunci. Wato wanda aka kayar a kokawa shi ya koma alƙalin wasa. Mutanen Kentucky Clay suka zaɓa, sai Jackson ya biyo baya. Adams kuwa ko ƙuri'a ɗaya bai samu ba a jihar. Ganin ɗansu ya fita, majalisar dokokin jihar ta zartar da ƙuduri tana neman wakilanta a Washington su mara wa Jackson baya, tunda shi ma ɗan yamma ne, daga maƙwabciyarsu Tennessee.

Clay ya yi kunnen uwar shegu. Ranar 9 ga Fabrairu 1825, cikin wakilan Kentucky goma sha biyu, takwas suka zaɓi Adams, huɗu suka zaɓi Jackson, ƙuri'ar jihar ta faɗa wa mutumin da ba wanda ya zaɓa a can. Ohio da Missouri, waɗanda su ma Clay ya ci, suka bi sahu. Adams ya tashi da jihohi 13 cif, Jackson 7, Crawford 4. Ka cire Kentucky ka gani: saura 12, da ba a gama a zagayen farko ba, kuma Allah kaɗai ya san inda za a kwana.

To, me ya sa Clay ya yi haka? Don adalci, yana da hujjarsa. Tun 1819 ya caccaki Jackson a zauren majalisa kan yadda ya kutsa Florida da sojoji, kuma yana ganin cin yaƙi bai isa ya sa a miƙa wa mutum ƙasa ba. A batun harajin kare masana'antun gida da gina hanyoyi, ra'ayinsa ya fi kusa da na Adams. Crawford kuma ciwon shanyewar jiki ya kama shi tun 1823. Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce mutum ya bi abin da ya yi imani da shi. Amma bayan 'yan kwanaki Adams ya ba Clay muƙamin sakataren harkokin waje, shi kuma ya karɓa. A zamanin wannan kujera ce tsanin fadar shugaban ƙasa: Jefferson, Madison, Monroe da shi kansa Adams duk ta nan suka hau. Biri ya yi kama da mutum. Jackson ya kira Clay Yahuzan yamma, wato maci amana, magoya bayansa suka laƙaba wa abin suna ƙazamin ciniki. Har yau masana tarihi na jayayya kan ko an ƙulla yarjejeniya baki da baki, amma an san mutanen biyu sun yi ganawar sirri a watan Janairu, kafin ƙuri'ar.

Abin da ya sa na nace kan kalma shi ne, maguɗi karya doka ne, alhali wakilan Kentucky ba su karya komai ba. Ƙudurin majalisar jiharsu roƙo ne, ba ya ɗaure su. Doka ce da kanta ta buɗe ƙofar, kuma a ganina wannan ya fi maguɗi ban tsoro, domin babu kotun da za ka kai ƙara. Dattawa irina za su tuna 1979 a nan gida, lokacin rigimar sha biyu da biyu bisa uku, wato gardamar ko jihohi nawa ne kashi biyu bisa uku na jihohi 19 a zaɓen shugaban ƙasa: da kotu ta ce Shagari bai cika sharaɗi ba, 'yan majalisa ne za su zauna su zaɓa mana shugaba. Mu daga baya an sauya tanadin zuwa zagaye na biyu. Amurka kuwa nata yana nan daram. Idan gobe aka yi kunnen doki 269 da 269 a ƙuri'un wakilan zaɓe, Wyoming mai wakili ɗaya da California mai 52 nauyinsu ɗaya a majalisa.

Hukuncin da kotu ba ta iya yankewa ba, masu zaɓe ne suka yanke. A 1828 Jackson ya lallasa Adams 178 da 83, kuma Kentucky ɗin nan tana cikin jihohin da suka ba shi. Clay ya sake nema a 1832 da 1844, bai samu ba.

Ina roƙon ku gyara wannan kalma a fitowa ta gaba, don ɗalibai na yanke shafinku suna ajiyewa.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, daga Zariya