Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi Kan Filin Ƙwallon Unguwarmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne, dattawa da iyayen yara da matasan unguwa. Ba mu so ɗaga maka hankali ba, amma tura ta kai bango.

Daren Alhamis da ta wuce, bayan an watse daga sallar isha'i, tifa ta shigo filin da yaranmu ke atisaye, ta juye yashi da tsakuwa daidai bakin ragar gabas. Kafin gari ya waye an jera bulo, an tuge ƙarfen raga an jingine shi a bango kamar kayan bola. Yara suka zo da asuba rataye da takalma, suka tsaya cirko-cirko. Koci ya tambayi leburorin, suka ce turo su aka yi. Wa ya turo su? Har yau babu wanda ya buɗe baki. Kwana uku ba a taɓa ƙwallo ba, ranar Lahadi aka shiga wasa, aka ci mu. Wasu yaran kuka suka yi a cikin mota, ranka ya daɗe, samari masu gemu.

Sarki ya san yadda gasar rukuni na ɗaya take a Ghana: shiyya uku ce, kuma a shiyyarmu ta biyu ƙungiya 16 ke fafatawa. Ta farko kaɗai ke hawa Firimiya, ukun ƙarshe su gangara rukuni na biyu. Mu yanzu bakin ramin muke, wasannin da suka rage kuma 'yan kaɗan ne. Duk Kumasi ta ga ciwon da aka ji lokacin da King Faisal ta faɗo daga Firimiya a 2023, alhali babbar ƙungiya ce. To ina ga tamu, da ke tafiya da karo-karon 'yan kasuwa?

Mun je ofis, mun rubuta takarda, mun sake komawa, an ce a zo gobe, an ce ana dubawa. Mun gaji da kirga zuwa.

Muna roƙon Sarki, don girman Allah, ya sa a tsayar da ginin nan. A kwashe yashi da bulo kafin wasa mai zuwa, a mayar da raga. A kira mai wannan aiki fada ya nuna takardarsa a gaban dattawa, in yana da ita. In ta kama, Sarki ya kai maganar Manhyia, fadar Sarkin Asante. A yi wa filin iyaka da katanga. Amma dai a fara kwashe bulon nan, ranka ya daɗe, don mun daɗe muna riƙe matasa, kuma haƙurinsu ya kusa ƙarewa.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne naka masu biyayya,
Mazauna unguwa da magoya bayan ƙungiya