Kashe sabunta Windows da saurin yin fomatin ba gyara ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da matasanmu masu koyon aikin kula da kwamfuta, musamman waɗanda ke shirin zana jarrabawar CompTIA A+ ta shaidar ƙwarewa a wannan aiki, da kuma malaman da ke koyar da su.

Ɗabi'u biyu sun zama ruwan dare a shagunan gyara. Da zarar an ɗora wa mutum Windows, sai a kashe masa sabuntawa ɗungurungum, wai kada ta cinye masa data. Sannan duk ciwon da kwamfuta ta zo da shi, maganin ɗaya ne, a yi mata fomatin, wato a share komai a sake ɗora Windows. Kashi na biyu na jarrabawar, wato Core 2, ba ya karɓar ko ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin amsa, kuma ofishin da zai ɗauki yaro aiki ma ba zai karɓa ba.

Kukan data gaskiya ne, amma yana da magani. A shiga Settings, a buɗe bayanan Wi-Fi ɗin da ake amfani da shi, a kunna Metered connection. Daga nan Windows za ta rage saukar da abin da ba na gaggawa ba. In ana tsakiyar wani aiki mai muhimmanci, akwai Pause updates, wanda ke ɗage sabuntawa har mako biyar. Shi kuma Active hours yana ba da damar ware har awa 18 a yini da kwamfuta ba za ta kashe kanta ta sake tashi ba. A ofishi ko makaranta mai kwamfuta goma, a kunna Delivery Optimization a taƙaita shi ga na'urorin da ke kan layin cikin gida, sai ɗaya ta sauko da kayan, sauran su ɗiba daga wurinta.

Microsoft na fitar da gyaran tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, yana isowa wajen ƙarfe shida ko bakwai na yamma agogon Najeriya. Tsarin da ya dace shi ne a gwada shi a kan kwamfuta ɗaya ranar Laraba, a duba firinta da manhajar lissafin kuɗi, in komai lafiya a saki ga sauran. Jinkirin kwana biyu dabara ce, jinkirin wata biyu kuwa ganganci ne. Muguwar manhajar nan WannaCry da ta durƙusar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017 ta bi ne ta wata kafa da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris.

Sai batun wuta, wanda littattafan jarrabawar ba su cika tsayawa a kansa ba. Kada a fara sabuntawa a kan laftof mai mataccen batir, ko kwamfutar tebur da ba ta da UPS. In an ɗauke wuta yayin da allo ke cewa kada a kashe, fayilolin tsarin na iya tsayawa rabi sabo rabi tsoho. In kuwa BIOS ake sabuntawa, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, madabod ɗin kansa, babban allon da kayan cikinta ke kai, na iya tafiya.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne BitLocker, makullin faifan ajiya na Windows. Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 da yawa suna kulle faifan ajiyarsu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai ita bai ma sani ba. Wata rana a sabunta BIOS, ko a taɓa Secure Boot, saitin tsaron tashin kwamfuta, ko a canja madabod, sai a kunna a ga shuɗin allo da akwati guda yana neman lambobi 48, wato mabuɗin buɗe faifan. Mai kwamfuta na tsaye, duk takardun aikinsa na ciki, aka tambaye shi imel ɗin da aka buɗe asusun da shi, ya ce ai yaron shagon da ya sayar masa ne ya buɗe. A nan babu wata manhaja da za ta fasa kullen, Microsoft ma ba shi da kwafin da zai ba ka in ba a ajiye mabuɗin a asusu ba. Don haka ranar farko da kwamfuta ta shigo hannunka, ka buɗe Command Prompt da ikon admin, ka rubuta manage-bde -status. In a kulle take, ka fitar da mabuɗin, ka buga shi a takarda, ka miƙa wa mai ita, ka kuma tabbatar ya san imel da kalmar sirrin asusunsa. Kafin ka taɓa BIOS, ka danna Suspend protection. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna 19 ga Yulin 2024, lokacin da gurɓatacciyar sabuntawar kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5. Gyaran bai wuce shiga Safe Mode a goge fayil ɗaya ba, amma inda faifan ke kulle, sai da aka nemo mabuɗin kowace na'ura tukuna.

A wannan rana ta farko kuma a duba System Protection, domin sau da yawa a kashe yake. A kunna shi, a yi restore point, wato a adana yanayin tsarin don a iya komawa gare shi. A sani cewa yana mayar da direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa sassan kwamfuta, da saitin tsari ne kawai, ba ya dawo da hoto ko takardar da aka goge, wannan aikin kwafin ajiya ne a faifan waje. A haɗa Recovery Drive a filashi mai gigabait 16, wanda babu komai a cikinsa, don za a share shi tas. A kuma rubuta reagentc /info a ga ko ɗakin farfaɗowa na Windows, wato allon kayan gyara da ake shiga in ta ƙi tashi, yana aiki.

In matsala ta zo, mataki-mataki ake hawa, daga mai sauƙin ɓarna. Kwamfutar da ta kasa tashi sau biyu a jere takan shiga ɗakin farfaɗowa da kanta, in kuma tana tashi, a riƙe Shift a danna Restart. A fara da Startup Repair. In bayan sabuntawa abin ya faru, a zaɓi Uninstall Updates a cire ta ƙarshe. Sai System Restore. In an samu shiga, a gudanar da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, bayansa sfc /scannow. Dalilin wannan jeri shi ne sfc na ɗauko lafiyayyun fayiloli daga rumbun da DISM ke gyarawa, in rumbun ya lalace ba shi da inda zai ɗebo. Komawa tsohon zubin Windows bayan an ɗora sabo kuwa kwana goma kacal ake da shi, kuma ya dogara da jakar Windows.old, wadda masu neman fili ke gaggawar sharewa. Reset this PC da zaɓin Keep my files yana barin takardu amma yana kwashe manhajojin da aka ɗora, sai a gaya wa mai ita tun kafin a danna. Fomatin shi ne na ƙarshe, bayan an kwafe kayan mutum.

Ta fuskar tsaro, ma'aikaci ya yi aikin yau da kullum da asusun Standard, na admin ya zauna a hannun mai kula. Kada a kashe UAC, akwatin da ke neman izini kafin a canja tsari, don tambayarsa ta dami mutum. Duk manhajar da ta ce sai an kashe Defender, mai gadin Windows daga miyagun manhajoji, kafin ta shiga, kamar waɗanda ake fasa lasisin Windows da Office da su, ta riga ta faɗa maka ko ita wace ce.

Muna kuma tunatar da cibiyoyin horo cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 daga 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0 da Secure Boot, abin da tsofaffin kwamfutocin kasuwa da yawa ba su da shi. A koya wa ɗalibi ya rubuta tpm.msc ya duba ko akwai TPM kafin ya ba mutum shawarar saye. Sannan a ware kwamfuta ɗaya a aji wadda za a lalata da gangan, a cire mata direba, a kulle ta da BitLocker, a ba ɗalibi minti talatin ya tashe ta ba tare da ya rasa fayil ko ɗaya ba.

Wassalam,
Daga wasu malaman koyar da gyaran kwamfuta, Kano.