Batun Antifa: kada mu ari bakin wasu mu ci musu albasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta sharhin da kuka buga makon jiya, inda marubucin ya ce tunda Shugaba Trump ya ayyana 'yan Antifa, wato masu kiran kansu 'yan adawa da aƙidar fasist, a matsayin 'yan ta'adda a watan Satumban 2025, to magana ta ƙare. A wurina ba ta ƙare ba, kuma dalilina a gidanmu yake.

Ƙanen kakana yana cikin sojojin Najeriya da suka yaƙi Italiya a Habasha a 1941. Muna yara yakan buɗe wani tsohon gwangwani ya fito da lambarsa, ƙyallen jikinta duk ya koɗe, ya goge ta da bakin riga sannan ya ba mu mu taɓa. "Yaƙin Hitila" kawai yake cewa, ban taɓa jin kalmar fasist a bakinsa ba. Amma ya taka ƙasar da Musolini, shugaban mulkin kama-karya na fasist a Italiya, ya auka wa a 1935, ya sa aka yi wa mutanenta ruwan iskar guba. Shi kuwa kakana, diban gwamna ne ya kawo shi Filato a 1942, bayan Japan ta ƙwace Malaya Ingila ta rasa kuza. Turawan da ke cewa suna yaƙar zalunci su ne suka sa shi haƙa dole a cikin sanyin Bukuru. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai daina ba mu labarin waɗanda suka mutu a barikin ba.

Saboda haka ba na ɗaukar sunan nan na "adawa da fasist" da wasa, ba kuma na rantsuwa da shi. A Italiya ranar 25 ga Afrilu hutu ce ta tunawa da kawar da mulkin fasist, tsarin mulkinsu ma ya hana sake kafa jam'iyyar. A Jamus gaisuwar 'yan Nazi kaɗai tana iya jawo ɗaurin shekara 3, alhali a Amurka 'yancin faɗar albarkacin baki ya kare ta. Hangari kuwa sahun Trump ta bi, ta ayyana 'yan Antifa a matsayin 'yan ta'adda. Sai dai an sha fakewa da guzuma a harbi karsana: katangar Barlin ta 1961, Jamus ta Gabas ce mata ta yi kariya daga 'yan fasist, tana harbin 'yan ƙasarta da suka nemi tsallakewa. Putin ma da ya shiga Yukren a 2022, cewa ya yi 'yan Nazi ya je kawarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne Antifa ba ta da shugaba, ba ofis, ba katin zama ɗan ƙungiya. To wa za a kama? Duk wanda mai mulki ya nuna da yatsa. Mu mutanen Jos mun ga wannan a 2001 da 2008 da 2010: da zarar an ce "su baƙi ne" ko "su arna ne", ba mai tambayar abin da mutum ya aikata. Wanda ya ƙona shago ko ya zubar da jini, kowace riga ya sa, a kama shi da sunansa a kai shi gaban alƙali.

Roƙona, in za ku sake taɓo batun, ku faɗa mana wace ƙasa, wace doka, kuma me aka ce mutumin ya yi. Ɗalibaina suna karanta ku, gobe ni za su tambaya.

Naku,
Malamin tarihi, Unguwar Rogo, Jos