A zaɓa wa yara littafin labari da kunne, ba da ido kaɗai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in amsa wata tambaya da iyaye ke yawan yi mini, wato wane irin littafin labari ne ya dace a riƙa karanta wa yara a bayyane. Na daɗe ina koyar da ƙananan yara, kuma na lura yawancinmu da ido muke zaɓen littafi, mu bi bango mai sheƙi da hotuna masu launi. Waɗannan suna da nasu amfanin, amma labarin da za a karanta wa yaro ta kunne zai shige shi, don haka kunne ne ya kamata ya yi alƙalanci.

Kafin uba ko uwa su ɗauki littafi, ina ba su shawara su buɗe tsakiyarsa su karanta shafi biyu da murya. Idan numfashi yana ƙarewa kafin jimla ta ƙare, ko harshe yana ta tuntuɓe, to a ajiye shi komai kyawunsa. Wannan matsala ta fi yawa a littattafan da aka fassara kalma bayan kalma daga wani harshe, inda za ka ga kalmomin duk na Hausa ne, amma babu Bahaushen da zai jera su haka a bakinsa. Yaro ba zai iya bayyana abin da ya dame shi ba, sai dai kawai ka ga ya fara mutsu-mutsu yana kallon ƙofa.

Ga 'yan shekara 3 zuwa 5, babu abin da ya kai labari mai amshi, wanda wata jimla ko 'yar waƙa ke dawowa a kai a kai. Kafin a kai karo na uku yaron ya riga ya haddace ta, yana jiran wurinta, har yana riga mai karatu faɗa. A daidai nan ne yake gane cewa baƙaƙen da ke kan takarda su ne ke riƙe da maganar da yake ji, kuma ba sa canzawa daga jiya zuwa yau. Saboda haka idan ya nace sai an maimaita masa littafi ɗaya dare goma a jere, kada a ƙosa, aiki yake yi. Haka kuma a nemi labarin da taurarinsa ke magana da juna, domin mai karatu ya samu damar sauya murya, ya kaurara ta a wurin zaki, ya sirantar da ita a wurin ɓera.

Akwai kuskuren da yake damuna ƙwarai, shi ne daina karanta wa yaro da zarar ya fara haɗa baƙi da kansa. Kunnen yaro ya riga idonsa nisa. Ɗan shekara 7 da ke fama da gajerun jimloli a aji yana iya bin dogon labari mai babi-babi idan wani ne ke karanta masa, kuma a nan yake tsintar kalmomin da ba ya ji a hirar yau da kullum. A karanta babi ɗaya, a tsaya a inda labarin ya ɗau zafi, gobe shi ne zai kawo littafin da hannunsa.

Littattafan da ke cusa darasi a kowane shafi kuwa ba na ba da shawararsu. Ina son tarbiyya kamar kowane mahaifi, amma idan labari ya ginu, yaro zai ga sakamakon ƙarya ko haɗama da kansa, ya yi tambaya, a tattauna.

Wanda bai samu littafi a kusa ba, shafin African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa, da StoryWeaver, wanda Pratham Books ta Indiya ta buɗe a 2015, suna da labaran yara kyauta a intanet cikin harsuna da dama, har da Hausa. Su ma a gwada su da murya tukuna, domin ingancin fassararsu ya bambanta. Kuma kada a ce yaro ya yi ƙanƙanta, tun a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa 'ya'yansu tun suna jarirai.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne jaridarka ta ware ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata, inda malamai da iyaye za su riƙa bayyana littattafan da suka karanta wa yara da yadda yaran suka karɓe su. Ranar 2 ga Afrilu, wadda ake bikin littattafan yara na duniya a cikinta tun 1967, za ta dace da buɗe wannan fili.

Wassalam,
Wani malamin firamare