A Ceto Muryoyin Makaɗanmu Kafin Kaset Ya Gama Lalacewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin hukuma da jama'ar Katsina game da tsofaffin faya-fayai da kaset-kaset na makaɗanmu.

Ɗan Adam ya daɗe yana waƙa kafin ya iya tsare murya. A Ugarit, cikin ƙasar Siriya ta yau, an tono allon yumɓu mai ɗauke da waƙa tare da alamomin kiɗanta, wanda aka rubuta wajen shekara 1400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma har gobe masana ba su daidaita kan yadda ake rera ta ba, domin rubutu ya tsira, murya kuwa ta tafi da mai ita.

Sai a 1857 wani Bafaranshe, Édouard-Léon Scott de Martinville, ya yi rajistar na'urar da ke zana motsin sauti a kan takardar da aka baƙanta da hayaƙin fitila. A 1860 ya ɗauki 'yar gajeriyar waƙa da ita, alhali na'urar ba ta iya maido da sauti, kuma ba wanda ya saurari waƙar sai a 2008, lokacin da masana a Amurka suka karanta zanen da kwamfuta. Abin da ya fi burge ni shi ne an sami masu adana wannan takarda har shekara 148 ba su yar ba. Thomas Edison ya zo a 1877 da na'ura mai ɗauka ta kuma maimaita, sannan Emile Berliner ya kawo faifan garmaho a 1887.

Mu a nan, makaɗan da suka yi wa sarakunan Katsina da Daura tambari da kakaki da algaita kafin zuwan Turawa sun wuce ba mu da muryar ko ɗaya, kuma ba laifin kowa ba ne. Amma na bayansu fa? Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma akwai waƙoƙinsa da na takwarorinsa da aka ɗauka da rikoda a wuraren biki da ajo, waɗanda ke kwance cikin akwatunan dattawa. Duk wanda ya buɗe irin wannan akwati ya san abin da nake faɗa: zafi ya manne zaren kaset, raɓar damina ta sa masa fumfuna, sunan da aka rubuta da biro ya goge, idan mai shi ya rasu kuma magada su share su da shara.

Ina kira ga gwamnatin jiha da masarautun Katsina da Daura da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da su buɗe wurin da za a riƙa karɓar aron waɗannan kaset-kaset, a juye su a kwamfuta, a mayar wa masu su. A kuma zauna da 'yan amshin da suka rage su faɗi wanda aka yi wa kowace waƙa, da garin da aka yi ta, da shekarar, tun suna da ƙarfin tunawa.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Ƙofar Soro, Katsina