Ga masu haɗa babban majigi

Salamu alaikum ƴan'uwa. Masu haɗa majigin taronmu, a kula da tazara tsakanin majigi da allo. Namu, kowace mita 1 ta faɗin allo tana buƙatar mita 1.5, wato allo mai mita 4, a ja baya mita 6. A saita shi tsakiyar allon sosai, domin gyaran karkata na cikin na'urar yana rage kyan hoto. Wayar HDMI kuma, wato wadda ke kai hoto zuwa majigin, kada ta cika tsawo.

Abin da ya fi damuna shi ne kashewa. Wancan karon wani ya fizge filogi fitila na da zafi, sai da gabana ya faɗi! Don Allah a danna maɓalli, a jira fanka ta yi shiru tukuna. Kada kuma a toshe masa mashaƙar iska.