Masu yawan filatilet a jini, a daina raina kaluluwa

Assalamu alaikum Malam Edita, don Allah ka ɗan ba ni fili in yi tsokaci kan wani ciwon jini da ba a cika maganarsa ba, wanda likitoci ke kira ET. Ɓargo ne ke ta ƙera filatilet, wato ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, har su wuce 450,000 a ɗan ɗigon jini (maikirolita ɗaya) su ƙi sauka. Sama da rabin masu shi suna da canjin ƙwayar halitta mai suna JAK2 da aka gano a 2005, wasu kuma CALR da aka gano a 2013.

To duk wanda ke da ciwon nan abin da ake tsoratar da shi a asibiti shi ne gudan jini da shanyewar ɓarin jiki, sai a ɗora shi kan ƙaramin asfirin, wani a ƙara masa haidiroksiyuriya, maganin rage filatilet, shi ke nan kullum ido na kan lambar filatilet, ta hau ko ta sauka. Amma binciken da aka yi a Italiya da Denmak ya nuna masu irin wannan ciwon ɓargon sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da limfoma, wato kansar kaluluwa. Ba wai kowa zai samu ba fa, kaɗan ne ƙwarai, kada wani ya karanta ya kasa barci ko ya watsar da maganinsa.

Inda matsalar take, alamomin suna kama da juna. Gajiya, zufar dare, kumburin saifa, duk sai a ce ai tsohon ciwon ne, mutum ya shafa wuyansa ya ji ɗan ƙullutu kamar gyaɗa, ba zafi ba komai, ya ce kaluluwa ce za ta baje da kanta. Wallahi rashin zafin nan ma shi ya fi ba ni tsoro, don wadda ƙurji ko ciwon maƙogwaro ke kawowa yawanci tana ciwo kuma ba ta daɗewa.

Idan ƙullutu a wuya ko hammata ko matsematsi ya yi makonni bai tafi ba, ga zazzaɓi ba dalili, ga zufa har zanin gado ya jiƙe, ga wando ya fara yi maka yawa, ka nuna wa likitan jininka da yatsa ya taɓa. Awon jini kaɗai ba ya raba gardama, sai an ciri naman wurin an duba. Su ma likitoci don Allah a riƙa ɗaga kai daga takardar awo ana lalubar wuyan mara lafiya.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku